DAJI KO KURMI? DARASIN DA NA KOYA DAGA TAFIYAR ZAGAYE A DAJIN ASHDOWN

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni dai abin da tafiya ta buɗe mini shi ne ƙarancin sanina game da wasu kalmomi da nake zaton na daɗe da mallakarsu. Ni ba Bahaushiya ba ce. A Kudu aka haife ni, a nan na tashi, kuma a aji na fara koyon Hausa, kamar yawancin masu karanta wannan mujalla tamu. A watan Agusta na shekarar 2024 na sami damar ziyartar yayata da ke aikin jinya a kudancin Ingila. Wata ranar Asabar ta kai ni wani wuri da ake kira Ashdown, muka yi tafiyar ƙasa ta kimanin kilomita 10, muka zagayo muka dawo inda muka ajiye mota.

Da aka koma karatu, malaminmu ya ba mu jingar insha'i, ya ce kowa ya siffanta wani wuri da ya taɓa gani da idonsa. Na yi murna, don ina ganin abin nema ya samu. Na rubuta shafi uku, na sa masa suna "Yawo a Kurmin Ashdown", har na liƙa hoto a bangon. Ranar da aka dawo mana da takardu, sai na tarar da tawa ta sha jan biro, maki huɗu cikin goma. Malam ya ɗaga hoton a gaban aji ya ce, "Malama, a wannan hoton da kika liƙa, ina kurmin yake?" Na duba, babu. Fili ne fetal, da 'yan itatuwa can nesa a kan tudu.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana gyare-gyaren da na yi bayan wannan rana, da fatan 'yan'uwana ɗalibai za su amfana. Za mu fara da sanin wurin, sannan mu bi tafiyar, daga nan mu tsamo darussa biyar da suka shafi kalmomi da nahawu.

Wurin da Ake Magana a Kansa

Ashdown yana cikin gundumar Sussex ta Gabas, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Landan. Faɗinsa ya kai eka 6,500 ko kusa da haka. Wuri ne mai tudu da kwari, kuma tudunsa mafi tsawo ya kai mita 223 daga doron teku. Kusan kashi 60 cikin ɗari na wurin buɗaɗɗen fili ne mai gajerun tsirrai, sauran kuma itatuwa ne.

Asalinsa wurin farautar sarakuna ne. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, sun keɓe manyan yankuna inda babu mai taɓa namun dawa sai sarki da wanda ya yardar wa. Ashdown yana cikin irin waɗannan yankuna. Kafin shekarar 1283 an riga an kewaye shi da ganuwar ƙasa mai shingen itace a kanta, tsawonta kimanin kilomita 37. An haƙa gwalalon ta ciki, yadda dabba za ta iya tsallakowa ta shigo amma fita ta gagare ta. Ganuwar tana da ƙofofi, manya na kekunan doki da ƙanana na masu tafiya a ƙasa, kuma har yau wasu ƙauyukan da ke gefen wurin, irin su Chelwood Gate da Chuck Hatch, sunan ƙofofin nan suke ɗauke da shi.

Duk da haka, manoman da ke zaune a gefe suna da haƙƙin kiwo a ciki, da yin itacen girki, da yankan tsirrai don shimfiɗa wa dabbobi a turke. A shekarar 1693 aka raba wurin, fiye da rabi ya koma hannun masu dukiya, aka bar sauran ga masu wannan haƙƙi. Daga 1876 zuwa 1882 an yi doguwar shari'a tsakanin mai ƙasar, wani basarake mai sarautar De La Warr, da masu haƙƙin, a kan yankan tsirran shimfiɗa. Wannan rikici ne ya kai ga kafa hukumar kula da wurin a 1885. A 1988 majalisar gundumar Sussex ta Gabas ta saye shi, kuma yanzu kowa yana da izinin shiga ya yi tafiya a ƙasa.

Mai karatu ya riƙe wannan tarihi, domin za mu buƙace shi idan mun zo zaɓen kalmomi.

Yadda Tafiyar ta Kasance

Ga labarin tafiyar kamar yadda na sake rubuta shi bayan gyara. A lura da kalmomin wuri da kuma aikatau, domin a kansu darussan za su ginu.

"Da misalin ƙarfe goma na safe muka ajiye mota a kan wani tudu da ake kira Gills Lap. Iska tana kaɗawa, sanyi ƙalau, ko da yake su a wurinsu lokacin zafi ne. Muka kama wata turba mai yashi, muka nufi arewa. Dama da hagu wani gajeren tsiro ne da bai wuce gwiwa ba, ya yi fure tsakanin shunayya da ruwan hoda, ya rufe tudun gaba ɗaya. Jefi-jefi akwai wata ƙaya mai duhun ganye, wadda ta kai ƙirjin mutum. A ƙoƙon tudun muka tarar da wani rukunin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Gaba kaɗan akwai dutse da aka manna wa allon tunawa da marubuci A. A. Milne da mai zane E. H. Shepard. Daga nan ido yana hango gonaki da ƙauyuka har iyakar gani.

"Muka gangara sannu a hankali, turbar tana ƙara tsukewa, itatuwa suna ƙara yawa, har muka bar filin a bayanmu. Muka tsallaka wani ƙaramin titi, muka shiga kurmi. Nan take iskar ta ɗauke, wurin ya yi tsit, sai ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin takalmi. Rassa sun haɗe a sama, hasken rana sai ɗigo-ɗigo. A ƙasan kwarin muka iske wata 'yar gadar katako a kan ƙorama. Yara da manya sun jeru a kanta, kowa ya jefa tsinke ta wannan gefe, sai su ruga ɗaya gefen su ga tsinken wa zai fara ɓullowa. Mu ma muka jefa namu, nawa ya maƙale a laka.

"Bayan mun huta muka haye, muka bi wata 'yar hanya ta gefen gonaki, muka karkata gabas, muka sake faɗawa wani kurmin da ya fi na farko girma. A nan tafiyar ta fara nuna hali. Hanyar hawa ce, ba mai tsanani ba, amma doguwa, ga taɓo a wurare saboda ruwan da aka yi kwana biyu kafin nan. Na zame sau ɗaya, wandona ya ɓaci har gwiwa. Can sai haske ya fara ratsowa ta gabanmu, itatuwa suka fara sirancewa, muka fito sarari. Iskar nan ta sake tarbarmu. Tumaki suna kiwo a nesa. Muka hango rukunin itatuwan da muka bari da safe, muka miƙe muka nufo su. Wajen ƙarfe biyu muka dawo wurin mota, na gaji tiɓis, amma ban ji na yi asarar yinin ba."

Ƙarin bayani ga wanda bai san marubucin nan ba: Milne ya sayi gida a kusa da ƙauyen Hartfield, a arewacin wurin, a shekarar 1925, kuma a 1926 ya fitar da littafin yara mai suna Winnie-the-Pooh, labarin wani ɗan beyar da abokansa. Wuraren da ke cikin labarin daga nan aka ɗauko su. Wasan jefa tsinke ya fito ne a littafi na biyu, na 1928. An gina gadar a 1907, aka sake gina ta a 1999 bayan ƙafafun baƙi sun cinye ta.

Darasi na Ɗaya: Daji Daban, Kurmi Daban

Kuskurena na farko daga ƙamus ya samo asali. Sunan wurin a Ingilishi yana ɗauke da kalmar "forest", ni kuwa tun ajin farko na haddace cewa fassararta ita ce kurmi. Akwai kuma dalili na biyu. Mu da muka tashi a Kudu, da zarar an bar gari itatuwa ne masu duhu ke tarbar mutum, saboda haka a tunaninmu daji da kurmi abu guda ne. A Hausa ba haka ba ne.

Daji shi ne duk inda ba gari ba kuma ba gona ba, ko da itatuwa ko babu. Abin da ke mayar da wuri daji shi ne rashin mazauna. Kurmi kuwa wuri ne da itatuwa suka cushe, suka haɗa inuwa, galibi inda akwai damshi. Ana iya samun kurmi a cikin daji, amma ba kowane daji ne kurmi ba. Duba waɗannan misalai:

1. Makiyayi ya kora shanu daji.
2. Mafarauci ya kutsa cikin kurmi.
3. Dare ya yi mana a dokar daji.

A misali na 1, ba wanda zai zaci an tura shanu cikin duhun itatuwa, domin ciyawa ake nema. A na 2, aikatau "kutsa" da kansa ya nuna wurin a cushe yake. A na 3, "dokar daji" nisa daga mutane take nunawa.

Abin mamaki shi ne, da na koma tarihin wurin sai na ga ita ma kalmar Ingilishin a zamanin Normawa ba yawan itatuwa take nufi ba. Tana nufin yankin da aka keɓe don farautar sarki, kuma masana da dama suna danganta asalinta da wata kalmar Latin mai ma'anar "waje". Ashe ke nan tsohuwar ma'anarta ta fi kusa da daji. Don haka sunan da ya dace shi ne Dajin Ashdown. In ana son a nuna cewa hukuma ce ke kula da shi, sai a ce gandun daji. Wuraren nan biyu masu duhu da muka ratsa, su ne kurmi.

Akwai wasu kalmomi na kusa da ya kamata ɗalibi ya sani. Duhuwa ita ce ɗan wurin da itatuwa da kurangar daji suka haɗe suka yi duhu. Sarƙaƙiya ita ce inda ƙaya ta sarƙe har ba a iya ratsawa. Ƙungurmin daji kuwa shi ne babban daji mai ban tsoro, wanda ba a cika shiga ba. Ashdown ba ƙungurmin daji ba ne, tun da har yara suna wasa a cikinsa.

Darasi na Biyu: Idan Babu Kalma Ɗaya Tilo

Matsala ta biyu ta fi wuya. Wannan buɗaɗɗen fili mai gajerun tsirrai, Turawan Ingila suna da suna guda da suke kiransa, wato "heath". A insha'ina na farko "fili" kawai na rubuta. Malam ya ja layi ya tambaya, "Filin ƙwallo ko filin Idi?" Gaskiyarsa ne, kalmar ta yi faɗi da yawa.

Na ɗauki hoton na tafi unguwar Hausawa ta garinmu, wurin wani dattijo, tsohon dillalin shanu, wanda nakan je gaishe shi don in gyara bakina. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, don Allah me ake kiran irin wannan wuri?" Ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa. Bai ba ni amsa ba sai da ya yi mini tambayoyi uku. Ya ce, "'Yata, ƙasar wurin yashi ce ko laka?" Na ce yashi ce, ba ta da ƙarfi. Ya ce, "Ana noma ta?" Na ce a'a. Ya ce, "To, wa ke aske ta haka?" Na ce tumaki da shanu da wasu ƙananan dawaki, sannan ma'aikata suna sare itatuwan da suka tsiro. Ya yi dariya ya ce, "Ai makiyaya ce a kan jigawa. Ku 'yan boko kuna son wahalar da kanku."

Da na dawo ɗaki sai na jera kalmomin da nake da su, na auna kowace da abin da na gani:

Faƙo ko tsandauri: ƙasa ce mai tauri wadda ba ta fid da tsiro. Wannan bai dace ba, domin wurin a rufe yake da tsirrai.

Saura: gona ce da aka bari ta huta. Ita ma ba ta dace ba, domin ba gona ba ce da aka bari.

Jigawa: ƙasa ce mai yashi a kan tudu. Ta dace ta fuskar ƙasa.

Makiyaya: wurin kiwo. Ta dace ta fuskar amfani.

Hurumi: filin da aka keɓe, ba na mutum ɗaya ya nome ba. Ya dace da tarihin masu haƙƙin kiwo.

Ta fuskar kama kuwa, wanda ya taɓa ganin inda sabara ta mamaye jigawa zai iya kwatanta yanayin, ko da yake tsiron ba ɗaya ba ne, kuma na can ya fi gajarta.

Tambayar Baba ta uku ita ce ta fi muhimmanci, domin ta taɓo ainihin yadda irin wannan fili yake samuwa. Ba haka kawai ya wanzu ba. Ƙasar mai yashi ce, mai tsami, marar taki, shi ya sa manoma ba su damu da ita ba. Ɗaruruwan shekaru na kiwo da saran itace da yankan tsirrai su suka hana itatuwa tashi, suka kuma hana ƙasar yin ƙarfi. Da zarar an daina, sai itatuwa su tsiro, cikin 'yan shekaru fili ya zama kurmi. Wannan ya faru a wurare da yawa, ga kuma noma da gine-gine da suka cinye wasu. An ƙiyasta cewa a Ingila kusan kashi ɗaya cikin shida ne kawai ya rage na irin wannan fili da ake da shi a shekarar 1800. Shi ya sa hukumar Ashdown take sa dabbobi kiwo da gangan, take kuma sare ƙananan itatuwa.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne akwai halittun da suka dogara da irin wannan wuri. Ɗaya daga cikinsu dangin tsuntsun nan ne da Hausawa ke kira yautai, mai fitowa da almuru, wanda ba ya yin sheƙa sai dai ya yi ƙwai a ƙasa. Yakan iso Ingila wajen watan Mayu, ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, sannan kafin sanyi ya tsallake Sahara ya dawo Afirka. Saboda shi da irinsa ne ake roƙon masu karnuka su riƙe su a lokacin ƙwai.

To, a gyararren insha'ina, a karon farko na rubuta "jigawa mai gajerun tsirrai wadda ake kiwo a kanta", daga nan kuma na ci gaba da cewa "jigawar" kawai. Dabarar ke nan: idan harshe ba shi da kalma ɗaya tilo, a yi wa abin tambayoyi uku. Yaya ƙasarsa take? Me ke tsirowa a kai? Me mutane ke yi da shi? Amsoshin za su ba da siffantawar da Bahaushe zai gane. A yi cikakken bayani sau ɗaya, sannan a taƙaita.

Darasi na Uku: Aikatau Mai Ƙarewa da -o

Tafiyar zagaye tana da kyau wajen koyon wannan darasi, domin rabinta nisanta ne, rabinta kusantowa. A rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya yi a 1960, inda ya kasa su giredi bakwai, giredi na shida shi ne mai ƙarewa da dogon wasalin -o, da karin sauti sama a dukkan gaɓoɓi. Aikinsa shi ne nuna cewa motsin ya nufo inda mai magana yake, ko inda ya tsayar da hankalin mai sauraro. Misali:

fita, fito
shiga, shigo
hau, hawo
sauka, sauko
gangara, gangaro
tsallaka, tsallako
zagaya, zagayo
koma, komo
tafi, taho

A rubutuna na farko na ce, "Da muka kai jigawar, yayata ta ce, alhamdu lillahi mun fita daga kurmi." Malam ya gyara zuwa "mun fito". Dalili shi ne a lokacin da take maganar tana waje. Da a ce muna cikin kurmin ne, sai ta ce, "Yaushe za mu fita?" Kwatanta waɗannan:

4. Ina gindin tudu, na ce mata ta gangaro.
5. Ina kan tudu tare da ita, na ce mata ta gangara.
6. Ina kan tudu, tana ƙasa, na ce mata ta hawo.

Mai ba da labari yana da 'yancin zaɓen inda zai tsayar da mai karatu, amma in ya zaɓa sai ya riƙe. A labarin da ke sama na tsayar da mai karatu a Gills Lap, inda mota take. Shi ya sa a rabin farko aka ga "muka gangara", "muka tsallaka", "muka shiga", a rabi na biyu kuma "muka fito", "muka nufo", "muka dawo". Ko ba a ambaci arewa da kudu ba, wasalin ƙarshe ya isa ya sanar da mai karatu cewa an juyo gida.

Darasi na Huɗu: "Mun" da "Muka"

Ga yadda na fara insha'ina na farko: "Mun ajiye mota. Mun kama hanya. Mun ga furanni. Mun shiga kurmi." Malam ya rubuta a gefe cewa wannan rahoto ne, ba labari ba. Wannan kuskure ya zama ruwan dare a tsakaninmu masu koyon Hausa a aji, domin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, wato na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an, shi ake fara koya mana, sai mu riƙe shi kam.

Idan ana jero abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, shuɗaɗɗen lokaci na biyu ake amfani da shi, wato na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka. Shi ne ke ɗaure aukuwa da aukuwa. Na ɗaya kuma yana shigowa ne idan ana son bayyana halin da aka tarar, ko abin da ya riga ya faru. Duba:

7. Muka shiga kurmi, muka iske gada, muka jefa tsinke.
8. Muka iske yara sun jeru a kan gada.
9. Bayan mun huta, muka haye.

A misali na 8, jeruwar yaran ta riga isowarmu, shi ya sa aka ce "sun jeru". Da an ce "suka jeru", ma'anar za ta koma cewa sai da muka iso sannan suka jeru.

A nan ne kuma ya dace a ambaci amsa-kama, irin su fetal, tsit, ƙalau da tiɓis. Suna ƙara wa siffantawa armashi, amma kowace tana da abokin tafiyarta. Ana cewa kore shar, ja wur, jiƙe sharkaf, gaji tiɓis. Ba a musanya su. Shawarata ita ce kada ɗalibi ya yi amfani da wadda bai taɓa ji a bakin Bahaushe ko ya gani a rubuce ba, kuma kada a cika su, domin gishiri in ya yi yawa ɓata miya yake yi.

Darasi na Biyar: Sunan Tafiyar da Nauyinta

Kalmar "yawo" da na sa a kan insha'ina ita ma ta sha tambaya. Yawo ita kaɗai tana iya ɗaukar ma'anar gantali, kamar a ce "yaron nan ya cika yawo". In ana son kyakkyawar ma'ana sai a ƙara mata wani abu: yawon shan iska, ko yawon buɗe ido. Tattaki kuwa doguwar tafiya ce a ƙasa wadda aka ɗaura wa niyya. Abin da muka yi ya fi shan iska nauyi, don haka "tafiyar ƙasa" ko "tattaki" ya fi dacewa.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin tafiyar da aka je aka dawo ta hanya ɗaya, da wadda aka bi wata hanya aka ɓullo ta wata. Ta biyun ita ce tafiyar zagaye ko kewaye. Amfaninta shi ne ba a maimaita abin da aka gani.

Game da nauyinta, masu shirya irin waɗannan hanyoyi sukan kasa su uku: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai wuya. Tamu matsakaiciya ce. Amma faɗin haka kawai bai wadatar ba, sai an nuna dalili. Ga yadda za a iya cewa: "Tafiya ce matsakaiciya, ta awa uku zuwa huɗu. Akwai hawa da gangara amma babu hawan dutse. Akwai taɓo in an yi ruwa, don haka a sa takalmi mai rufi. A riƙe ruwan sha da rigar ruwa. A sa dogon wando saboda kaska, kuma a tsaya a kan turba, domin akwai wani ɗan maciji mai dafi da ke shan hantsi a cikin tsirran." Da wannan bayani, mai karatu zai iya yanke wa kansa hukunci ko zai iya ko ba zai iya ba.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga bambancin daji da kurmi, da yadda ake siffanta abin da ba shi da suna guda a Hausa, da aikin giredi na shida, da zaɓi tsakanin "mun" da "muka", da kuma sunayen tafiya. Na sake miƙa insha'in da sunan "Tattaki a Dajin Ashdown", Malam ya ba ni bakwai, ya ce sauran ukun suna wurin Baba, in ci gaba da zuwa gaishe shi.

Ba sai mutum ya je Ingila ba kafin ya gwada wannan. Ga jinga ga mai sha'awa: ka zaɓi wata hanya a bayan makaranta ko a ƙauyenku, wadda za ka bi ka zagayo cikin awa ɗaya. Ka rubuta labarinta cikin shafi guda. Ka tsayar da mai karatu a inda ka tashi, ka yi amfani da aikatau biyar masu ƙarewa da -o a rabin dawowa, ka kuma ambaci irin ƙasar da ka taka da abin da ya tsiro a kanta. In ka gama, ka karanta wa wani Bahaushe ba tare da ka nuna masa hoto ba, sannan ka tambaye shi abin da ya gani. In ya siffanta maka wurin da ka je, to rubutunka ya yi. In kuwa ya siffanta wani wuri dabam, sai ka koma ka duba kalmominka, kamar yadda ni ma na koma.